'Yan Dako Huɗu

Babana Mijinyawa majemi ne.
Shekara arba'in hannunsa na cikin ruwan bagaruwa
a bayan Mokoyo, inda mai wucewa ke toshe hanci.
Fatar jar akuya takan zo masa a sandare kamar faifai,
ta bar wurinsa tana lanƙwasa kamar harshe.

Yatsu ne suka fara.
Ya ce sanyin ruwa ne.
Wuƙar kankare gashi ta suɓuce masa sau uku a hantsi ɗaya.
Sai ƙafa ta ƙi takalmin da Jadi baduku ya ɗinka masa,
sai barci a zaune, baya jingine da buhun gero,
don in ya kwanta numfashi kan yi masa rowa.

A babban asibiti wata likita, Rahamu,
ta shafa masa mai sanyi a ƙirji.
Zuciyarsa ta fito a allo, toka-toka, tana motsi da ƙyar.
Ta ce bangon ya yi kauri,
kuma kaurin nan ba ƙarfi ba ne.
Aka ɗebi jini aka tura Yamai, daga can ya wuce gaba.
Har gyaɗa ta shigo kasuwa kafin amsa ta dawo.

Sunan abin da Faransanci ya cika layi guda.
Na ce ta faɗa mini da Hausa.
Ta ce: hanta na sallamo 'yan dako cikin jini,
huɗu-huɗu, kafaɗa da kafaɗa.
Akwai ƙullun nama a gaban maƙogwaro
mai fitar da ruwan da ke hura wutar jiki.
Su ke ɗaukarsa, su kai inda ake jira.
Na babanku riƙonsu sako-sako ne.
Da tsufa sai su saki juna,
kowa ya nannaɗe, ya zama zare,
zaren ya kwanta a jijiya, ya kwanta a zuciya,
ba mai sharewa.

Na ce me ya kawo haka?
Ta ce baƙi ɗaya a rubutun da aka haife shi da shi.
Kamar ɗigon ba ya hau sama ya zama nun.

Babana bai yi magana ba sai a bakin titi,
muna jiran kabu-kabu.
Ya ce, ashe fatar da ba ta ji jima ba
a ƙirjina take.
Ya yi dariya, tari ya ƙwace ta.
Can ya ce mahaifiyarsa Tsahara ma da kumburin ƙafa ta tafi,
aka ce sammu ne,
aka daina gaisawa da wani gida a Tibiri har yau.

Ya cika bayan Sallah babba,
lokacin da fatu suka fi yawa.

Malam ya zo ya raba gado:
gida, kwatarniya shida, gona a hanyar Jiratawa,
bashin jika goma sha biyu wurin wani ɗan Jibiya.
Kowa ya san rabonsa, aka shafa fatiha.
Ɗayan gadon ba ya cikin lissafin malam.
An raba shi tun muna ciki,
ko ka samu ko ka kuɓuta,
namiji da mace daidai wa daida.

Takardar gwajin tana cikin aljihuna wata biyar,
ta yi laushi, ta ɗauki warin majema.
Yayata ta je. Ba ta faɗa mini ba, ban tambaya ba.

Da dare ɗiyata Tsayabba kan yi barci a cinyata,
in sa yatsa a wuyanta, in ji bugun.
Suna can suna wucewa, huɗu-huɗu, da kayansu.
Ina ce musu, ku riƙe.
Jiya na matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya,
duk sun amsa.
Na mayar da hannu cikin bagaruwa.